Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Darasi Daga Gidajen Haya Na Ingila

A ranar 27 ga watan Oktoba na shekarar 2025 wata sabuwar doka ta fara aiki a ƙasar Ingila, wadda jama'ar can suka fi sani da suna Dokar Awaab. Dokar ta shafi gidajen haya masu rangwame, wato waɗanda ke hannun ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin samar da gidaje. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, idan ɗan haya ya kai kuka cewa ɗakinsa yana da laima ko fumfuna mai iya cutar da lafiya, tilas ne masu gidan su zo su duba cikin kwana 10 na aiki, in kuma sun tabbatar akwai haɗari su kawar da shi cikin kwana 5 na aiki. Idan kuwa abin na gaggawa ne, mai barazana ga rai, awa 24 kacal aka ba su.

Mai karatu yana iya tambaya, yaya aka yi a ƙasa mai arziki irin wannan sai da aka kafa doka kafin mai gida ya saurari wanda yake biyan shi haya? Abin ya fi haka ban mamaki idan muka lura cewa a wurare biyun da aka yi asarar rayukan da suka jawo wannan gyara, 'yan hayar suna da kujeru a cikin shugabancin ƙungiyoyin da ke kula da gidajensu. A takarda su ne masu faɗa a ji. Duk da haka sun yi ta kuka shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye su. Wannan shi ne abin da muke so mu duba a yau tare da masu karatunmu: bambancin da ke tsakanin a ba mutum kujera da a ji maganarsa.

Su wane ne waɗannan ƙungiyoyi?

Ƙungiyar samar da gidaje a Ingila ba ta gwamnati ba ce, kuma ba a kafa ta don riba ba. Tana gina gidaje ko ta saya, ta ba masu ƙaramin ƙarfi haya a kan kuɗin da bai kai na kasuwa ba, abin da ya yi saura kuma ta mayar da shi cikin gyara da sabon gini. A yau irin waɗannan ƙungiyoyi suna riƙe da gidaje sama da miliyan 2 da rabi, waɗanda kimanin mutum miliyan 6 ke kwana a cikinsu.

Asalinsu ƙanana ne ƙwarai. A 1862 wani attajiri ɗan Amurka mai suna George Peabody ya ba da fam 150,000 don a gina wa talakawan Landan gidaje. A 1865 wata mata mai suna Octavia Hill ta karɓi gidaje uku a wani lungu na Marylebone, ta gyara su, ita da mataimakanta mata suka riƙa bi ƙofa ƙofa kowane mako suna karɓar haya. Ta haka suka san kowane ɗan haya da sunansa, da yawan 'ya'yansa, da inda rufinsa yake zuba. Ma'aikatan ikkilisiya ma sun sa hannu. A 1924 wani limamin Angilika, Basil Jellicoe, ya kafa ƙungiya a unguwar Somers Town, inda kuɗin cizo da cunkoso suka addabi jama'arsa. A 1963 kuma Rabaran Bruce Kenrick ya kafa ta Notting Hill a yammacin Landan, bayan ya ga yadda masu gidaje ke cutar baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan. Da yawansu sun zauna ko sun yi aiki a cikin unguwar da suke yi wa hidima.

Abubuwa sun sake daga 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan hayan gidajen ƙananan hukumomi damar saye gidajen da suke ciki. Dokar gidaje ta 1988 kuma ta buɗe wa ƙungiyoyi hanyar cin bashi mai yawa daga bankuna, ƙananan hukumomi da dama suka miƙa musu gidajensu gaba ɗaya. To, mai bin bashi ya fi son babban kamfani mai manyan kadarori, don haka ƙungiyoyi suka shiga haɗewa da juna. Clarion, wadda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe wasu manya biyu, tana da gidaje kimanin 125,000. Ita ma ta Rabaran Kenrick ta haɗe da wata a 2018, gidajenta suka haura 60,000. Wanda yake karɓar haya a bakin ƙofa ya ɓace, lambar waya ta maye gurbinsa.

Abin da ya faru a Rochdale

Rochdale gari ne kusa da Manchester, kuma yana da suna a tarihi. A can ne a 1844 wasu talakawa 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan kanti nasu na kansu, bisa ƙa'idar kowane mamba ƙuri'a ɗaya. Daga wannan kanti tsarin ƙungiyoyin gama-kai ya bazu a duniya. Saboda haka da ƙaramar hukumar garin ta miƙa gidajenta a 2012 ga wata ƙungiya mai suna Rochdale Boroughwide Housing, aka tsara ta ta zama mallakar 'yan haya da ma'aikata tare, sai mutane suka ce garin ya koma ga gadonsa. A lokacin 'yan haya suna iya zama mambobi, su zaɓi wakilai, wakilan kuma suna da hannu wajen naɗa 'yan hukumar gudanarwa. Gidajen sun fi 12,000.

A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, mai ɗakin kwana ɗaya a rukunin Freehold, wani magidanci da ya zo daga Sudan ya kai ƙarar fumfuna a bango tun 2017. Aka ce masa ya shafe da fenti. Ya shafe, fumfuna ta dawo. A 2020 iyalin suka nemi lauyoyi, wata ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gidaje ita ma ta rubuta wa ƙungiyar cewa tana tsoron abin da zai sami yaron gidan. Amma ƙungiyar tana da wata al'ada: in dai magana ta kai hannun lauya, ba ta taɓa gyara sai an daidaita. Wasu ma'aikata kuma suka ɗora laifin a kan yadda iyalin ke zama da yadda suke wanka, ba tare da sun tambaye su ba. A watan Disamba na 2020 yaron, Awaab Ishak, ya rasu 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 2.

A watan Nuwamba na 2022 alƙaliyar da ke binciken musabbabin mutuwa, Joanne Kearsley, ta yanke hukunci cewa ciwon numfashin da ya kashe shi daga daɗewa cikin fumfuna ya samo asali. Cikin mako guda aka kori shugaban ƙungiyar. Ofishin da ke sauraron koke-koken 'yan haya na ƙasa ya yi nasa binciken a 2023, ya gano cewa raina 'yan haya, musamman baƙi, ya zama ɗabi'a a wurin. Duk wannan ya faru ne a ƙungiyar da 'yan haya suke cikin masu ita.

Abin da ya faru a Grenfell

Kafin Rochdale an yi wanda ya fi shi muni. Grenfell dogon bene ne mai hawa 24 a arewacin Kensington, unguwa guda da inda Rabaran Kenrick ya fara aikinsa. Benen na ƙaramar hukuma ne, amma tun 1996 aka miƙa kula da gidajen hukumar, kusan 10,000, ga wata ƙungiya da aka kira ta ƙungiyar gudanarwa ta 'yan haya. Daga cikin kujeru 15 na hukumar gudanarwarta, 8 na mazauna ne da ake zaɓa. Wato su ke da rinjaye.

A 2015 zuwa 2016 aka yi wa benen kwaskwarima, aka lulluɓe bangonsa na waje da faifayen alminiyam masu roba a tsakiya. An zaɓi irin waɗannan ne a madadin wasu masu tsada, don a rage kusan fam 300,000. Wasu mazauna sun daɗe suna ƙorafi a kan wutar lantarki, da hanyar motar 'yan kwana-kwana, da ingancin aikin. A watan Nuwamba na 2016 har suka rubuta a fili cewa ba za a saurare su ba sai babbar gobara ta ci rayuka. Aka ɗauke su masu neman fitina.

Da tsakar daren 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga firjin wani gida a hawa na 4, ta fita ta taga, ta kama faifayen, ta haura har ƙololuwa. Mutum 72 suka rasu, 18 daga cikinsu yara. Kwamitin binciken da Sir Martin Moore-Bick ya shugabanta ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a ranar 4 ga Satumba 2024. Ya ɗora laifi a kan gwamnatoci, da kamfanonin da suka sayar da kayan da ƙarya, da 'yan kwangila, da ƙaramar hukuma. Game da ƙungiyar gudanarwar kuwa, ya ce zamanta da mazauna ya cika da rashin yarda da ƙiyayya, kuma ita ce ta bari ya lalace haka, domin ta manta cewa mutanen nan a hannunta suke.

Me ya sa kujera ba ta wadatar ba?

A ganinmu dalilai huɗu suka haɗu. Na farko shi ne girma. Mutum 8 ba za su iya sanin yoyon gidaje 10,000 ba, balle a ce gidaje 125,000 da suka warwatsu a garuruwa da yawa. Wakilin da bai taɓa hawa benenka ba, da shi da babu duk ɗaya ne a ranar da ƙofarka ta ƙi rufuwa.

Na biyu, ilmin yana hannun ma'aikata. Su ke rubuta takardun taro, su ke zaɓen abin da za a kawo gaban kwamiti, su suka san ma'anar alƙaluman. Ɗan hayan da ya taso daga aiki ya zo taro da daddare, aka miƙa masa tarin takardu, abin da aka nuna masa kawai zai gani. In ba shi da ikon cewa a kawo masa takarda kaza, ko a ɗauko masa masani daga waje, to sannu a hankali zai koma ɗan amshin Shata ko da ba shi da niyya.

Na uku, doka ta ɗora wa kowane ɗan hukumar gudanarwa alhakin kare ƙungiyar ne, ko da maƙwabtansa suka zaɓe shi. Da zarar ya zauna, sai a gaya masa cewa maganar da aka yi a ɗaki ta sirri ce, kuma shawarar da aka yanke ta kowa ce. Ka ga ke nan wanda aka tura ya kai kuka ya dawo yana ba da haƙuri.

Na huɗu, waɗanda suka fi shan wahala su ne ba sa zuwa taro: baƙon da Turancinsa bai nuna ba, da uwa mai goyo, da mai aikin dare, da tsoho mai sanda, da wanda ke tsoron kada ƙorafi ya jawo masa kora. Kukansu ba ya biyowa ta zauren taro, ta ofishin gyara yake zuwa. Idan wannan ofishi ya ɗauki mai kuka a matsayin abokin gaba, babu yawan kujerun da zai cece shi.

Daɗin daɗawa, gwamnati ita ma ta janye idonta. A 2010 ta soke wata majalisar 'yan haya ta ƙasa da aka kafa 'yan watanni kafin nan, a 2012 kuma ta rufe hukumar da ke duba yadda ake yi wa 'yan haya hidima. Wadda ta gaje ta ta mai da hankali a kan lafiyar asusun ƙungiyoyi, ba ta shiga maganar ɗan haya sai in an nuna mummunar illa ta auku ko tana gab da aukuwa. Ƙungiya tana iya samun yabo a kan lissafinta alhali bangon ɗakunanta baƙi ƙirin ne.

Inda abin ya yi aiki

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa sa hannun mazauna aikin banza ne. Akwai inda ya haifar da ɗa mai ido. A birnin Glasgow, bayan guguwar watan Janairu na 1968 ta kwashe rufin dubban tsofaffin gidaje, mazauna wasu unguwanni suka ƙi a rushe su a watsa su bayan gari. A Govan, a 1971, aka kafa ƙungiyar gidaje ta unguwa, wasu da yawa suka biyo baya. Fam 1 mutum ke biya ya zama mamba, 'yan kwamiti mutanen unguwa ne, su ke ɗaukar ma'aikata, su ke tsara haya, su ke yanke wane gida za a fara gyarawa. Ofis yana bakin titi, ana zuwa da ƙafa. Ɗan kwamitin da ya yi sakaci zai haɗu da mai ƙorafin a kantin burodi washegari.

Haka kuma a Landan, mazauna rukunonin Walterton da Elgin, da suka ji ƙaramar hukumar Westminster tana shirin sayar da gidajensu ga 'yan kasuwa, sai suka yi amfani da wani sashe na ita dokar 1988 ɗin, suka karɓe gidaje 921 a 1992 suka riƙe da kansu. Abin da ya bambanta waɗannan da na Rochdale da Grenfell a fili yake: gidajen ba su fi ƙarfin ido ba, jakar kuɗi tana hannun mazauna, kuma ma'aikaci ya san wanda zai iya sallamarsa.

Amma su ma ƙananan suna da nasu ciwo. 'Yan kwamiti sukan tsufa a kan kujera, matasa ba sa shigowa, kuɗin manyan gyare-gyare yakan fi ƙarfin asusu. A Reidvale, wata ƙungiya ta Glasgow mai gidaje kimanin 900, shugabanni sun kawo shawarar a miƙa gidajen ga wata babbar ƙungiya. Yawancin 'yan hayan da suka jefa ƙuri'a a ƙarshen 2023 sun yarda, amma a watan Janairu na 2024 mambobi suka ƙi. Unguwa ɗaya, amsa biyu. Wannan ya nuna mana cewa ko a inda mazauna ke mulki, sai an riƙa tambaya: waɗanne mazauna?

Zaman tare shi ne tushe

Akwai wani abu da rahotanni ba sa iya aunawa, amma daren Grenfell ya fito da shi. Gobarar ta faɗo cikin watan azumi, jaridu kuma sun ba da labarin yadda Musulmin da ba su kwanta ba suka riƙa buga ƙofofin maƙwabta suna tashin su. Kafin gari ya waye, majami'ar Methodist ta Notting Hill, da ta St Clement, da masallacin Al-Manaar, da wuraren wasan matasa sun buɗe ƙofofinsu, suna ba da wurin kwana da abinci da tufafi, ba a tambayi kowa addininsa ba. Hukuma kuwa ta yi kwanaki tana lalube, kwamitin bincike ma ya faɗi haka. Mutanen unguwa ne suka fara haɗa sunayen waɗanda ba a gani ba, domin su suka san wa ke kwana a wane ɗaki.

Bayan haka waɗanda suka tsira da dangin mamatan suka kafa ƙungiyarsu, Grenfell United, jama'ar unguwa kuma suka ɗauki al'adar yin tattaki shiru a ranar 14 ga wata don tunawa. Naciyarsu, tare da ta iyayen Awaab, ita ta tura majalisar dokoki ta zartar da dokar 2023 a kan gidajen haya masu rangwame. Muryar da ta canja doka daga maƙwabta ta fito, waɗanda suka san juna kuma suka ƙi yin shiru.

Sabuwar doka da abin da ya rage

Dokar 2023 ta cire wancan sharaɗi na sai an ga mummunar illa. Daga watan Afrilu na 2024 hukumar sa ido tana bin manyan masu gidaje, masu gida 1,000 zuwa sama, tana duba su aƙalla sau ɗaya a shekara 4, kuma tarar da za ta iya ci ba ta da iyaka. An tilasta wa ƙungiyoyi su riƙa tambayar 'yan hayarsu ko sun gamsu, su buga sakamakon kowa ya gani. Dokar Awaab kuma an tsara a faɗaɗa ta zuwa wasu haɗurra a 2026 da 2027.

Wannan ci gaba ne, ba mu raina shi ba, ko da yake ga iyalan mutum 72 da iyalin yaro ɗaya ihu ne bayan hari. Sai dai doka agogo kawai ta sa wa mai gida. Ba ta rage girman ƙungiyoyi ba, ba ta mai da jakar kuɗi hannun mazauna ba, kuma ba ta iya sa ma'aikaci ya ga mutum a bayan lambar ƙorafi. Haɗarin da muke hange shi ne a koma cika takardu a kan lokaci, bango kuma yana nan da laimarsa.

Wannan labari na Ingila ne, amma igiyarsa ta taɓo mu. Turawan mulki sun kafa dokar ƙungiyoyin gama-kai a Nijeriya a 1935, kuma da yawa cikin masu karanta wannan shafi mambobi ne na irin waɗannan ƙungiyoyi a wurin aiki ko a unguwa, wasu ma suna zubi ne don su sami fili ko gida. Idan a garin da aka haifi tsarin ma kujera ta kasa kare yaro, to ya kamata kowane mamba a cikinmu ya tambayi ƙungiyarsa: wa ke riƙe da littafin kuɗi, kuma kowa yana iya ganinsa? Idan gwauruwa ko baƙo ya kawo kuka, kwana nawa yake ɗauka kafin a amsa masa? Wanda ya cika yin tambaya a taro, gode masa ake yi ko sunan ɗan fitina ake sa masa? Ku kuma da aka zaɓa, yaushe rabonku da shiga ɗakin wanda bai taɓa zuwa taro ba?

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ta'azantar da iyalansu, ya ba shugabanninmu manya da ƙanana kunnen sauraro.